Ganuwoyin Vauban: Shingen Yaƙin Faransa da Ya Koma Wurin Ziyara

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Zariya, da an ce masa ganuwa, abin da zai faɗo masa a rai shi ne doguwar katanga wadda ake hangowa tun daga nesa. Irin wannan mutum in ya doshi garin Neuf-Brisach da ke gabashin Faransa, kusa da kogin Rhine, sai ya isa bakin gari bai san ya iso ba. Daga kan hanya ba abin da ake gani sai tudun ƙasa mai ciyawa da 'yan itatuwa. Sai an matso sosai sannan gwalalo zai bayyana a gaban mutum, mai faɗi da zurfi, bayansa katangar jan dutse, bayanta wani gwalalon, sannan wata katangar, kowace ta turo tsininta waje. Ta sama kuwa, tauraro ne aka zana a ƙasa. A cikinsa akwai gari mai kusurwa takwas, titunansa a miƙe sambal, da babban fili a tsakiya inda soja ke fareti a da. Ƙofofi huɗu aka yi masa, biyu na nan tsaye har yau.

Wanda ya zana wannan gari shi ne Sébastien Le Prestre de Vauban, injiniyan yaƙin Sarki Luwi na 14. A watan Yulin 2008 hukumar UNESCO ta zaɓi wurare 12 daga cikin ayyukansa ta saka su a dunƙule cikin jerin kayan tarihi na duniya. Wasu suna gaɓar teku, wasu suna kan tsaunukan Alps da Pyrénées, wasu kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewa da gabas. A yau 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido ne ke hawa inda a da ake girke igwa.

Ita igwar ce ta durƙusar da ganuwa a Turai. Kafin zuwanta tsayi shi ne tsaro, domin maharin da tsani zai hau. A 1494 Sarki Sharl na 8 na Faransa ya kutsa Italiya da igwa ta tagulla mai harba dunƙulen ƙarfe, sai ga garuruwan da a da ake wata da watanni ana yi musu ƙawanya suna faɗuwa cikin 'yan kwanaki. Doguwar katanga in aka dami gindinta da harbi, nauyinta ne ma ke kayar da ita. Maginan Italiya suka zauna suka sake lale. Suka rage tsayi, suka ƙara kauri, suka cika bayan katanga da ƙasa, saboda ƙasa haɗiye harsashi take yi, dutse kuwa tarwatsewa yake ya raunata na kusa. Suka kuma fitar da tsini a kowace kusurwa, yadda bindigar da ke kan wannan tsinin za ta share gaban wancan, kada a bar ko lungu ɗaya da maƙiyi zai rakuɓe. Ka ga ke nan ba Vauban ne ya ƙago ganuwa mai siffar tauraro ba. Abin da ya fi sauran shi ne iya karanta ƙasa: kogi, fadama, dutse, kwari, duk sai ya sa su aikin gadi.

An haife shi a 1633 a wani ƙauye na yankin Morvan, gidan ƙananan masu sarauta da ba su da wani abin hannu. Yana ɗan shekara 17 ko 18 ya shiga soja, kuma a ɓangaren 'yan tawaye ya fara, ƙarƙashin Yarima Condé da ke yaƙar fada a lokacin. A 1653 sojan sarki suka kama shi, aka ga yaron yana da kai, aka jawo shi. Daga nan bai sake juya wa sarauta baya ba har ya mutu. A ƙawanyar garin Douai a 1667 harsashi ya same shi a kunci, kuma tabon yana nan a hotunansa da aka zana. A 1678 aka ba shi shugabancin dukkan ganuwoyin ƙasar, a 1703 ya zama Mashal na Faransa. Ana lasafta masa ƙawanya kusan 50 da ya jagoranta, da wurare fiye da 100 da ya gina ko ya gyara.

Abin da mutane kan manta shi ne, da fasa ganuwa ya fara suna kafin gina ta. A da in an kewaye gari, hafsoshi kan tura sojoji da rana tsaka su ruga katanga, a yi ta zubar da su, wai jarumtaka. Vauban ya tsani wannan. A Maastricht, cikin ƙasar Holan, a 1673 ya nuna tasa dabarar. Aka haƙa dogon rami da ya kewaye gefen garin daga nesa, inda harbi ba ya cutarwa sosai. Daga cikinsa aka fitar da wasu ramukan suna tafiya a karkace, hagu da dama, don kada mai harbi daga kan katanga ya sami miƙaƙƙen layi. Da aka matsa sai aka sake haƙa wani dogon ramin, sannan na uku a gindin ganuwa. Soja na tafiya cikin ƙasa, igwa na bin sa a baya. Kwana 13 da fara haƙa, garin ya miƙa wuya. A wannan ƙawanya ce aka kashe d'Artagnan, hafsan da marubuta suka mayar da shi gwarzon labarai daga baya, kuma a wani farmaki na gaba da gaba ya mutu, irin wanda Vauban ke gargaɗi a kai. Aƙidarsa ita ce a kashe albarushi da gumi, a tsimi jini. Kyautar kuɗin da sarki ya yi masa bayan wannan nasara da ita ya sayi gidan Bazoches a 1675, inda ya mayar da wani dogon zaure ofishin zanen taswira.

A farkon shekarar 1673 ya rubuta wa Louvois, ministan yaƙi, yana ba da shawarar a daidaita iyakar arewa maso gabas. A lokacin garuruwan Faransa da na Sifen a cakuɗe suke, wannan cikin wancan. Ya ce a saki waɗanda ba za su tsaru ba, a riƙe waɗanda suka yi layi, a jera birane masu ganuwa sahu biyu, kowane yana iya kai wa maƙwabcinsa ɗauki. Wanda ya san tarihin ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya jera a bakin iyakokin Daular Sakkwato, irin su Wurno, ba zai sha wahalar gane hikimar ba. A daidai wannan zamani kuma, daga 1670, sarki ya sa aka rushe tsohuwar ganuwar Faris aka mayar da wurin manyan tituna masu inuwa. Tsaron babban birni ya koma bakin iyaka.

In za a ziyarci wuri ɗaya tak, ni Besançon zan ce. Kogin Doubs ya naɗe tsohon garin kamar ya haɗe, ya bar 'yar ƙofa ɗaya, kuma a wannan ƙofa wani dutse ya tsaya mai tsayin kusan mita 100. A kansa sansanin yake, faɗinsa ya haura kadada 10. Sifaniyawa ne suka fara ginin a 1668, Faransa ta ƙwace garin a 1674, Vauban ya kammala. Ana ba da labarin cewa kuɗin da ginin ya ci sun sa sarki ya tambaya ko da zinariya ake yin katangun. Mai ziyara zai bi hanyar masu gadi a saman katanga, ya leƙa 'yan ɗakunan tsaro da ke rataye a kusurwoyi, kowane cin mutum ɗaya, ya ga rufin gidajen gari can ƙasa. Akwai rijiya da aka fasa cikin dutse, zurfinta ya wuce mita 100, da ƙaton gargare na katako wanda mutum ke shiga ciki yana takawa don a jawo guga. Duk wanda ya ga rijiyar nan ya gane cewa a ƙawanya ƙishirwa ta fi igwa ban tsoro.

Amma ba tarihin sarakuna kaɗai ke Besançon ba. Tsakanin 1941 da 1944 sojan Jamus da suka mamaye Faransa sun harbe 'yan gwagwarmaya 100 a cikin wannan sansani. Ɗaya daga cikinsu, Henri Fertet, shekararsa 16 lokacin da aka kashe shi a watan Satumban 1943. An kafa turaku a wurin don tunawa da su. Bayan yaƙi aka tsare fursunonin Jamus a ciki, sannan soja suka ga ba su da sauran buƙatarsa. A 1959 hukumar birnin ta saye shi. Yau a cikinsa akwai gidan tarihin gwagwarmaya da kwasar mutane zuwa sansanonin Nazi, da gidan tarihin al'adun yankin, da gidan namun daji. Wani zai ga bai dace ba a ce yara na kallon birai 'yan taku kaɗan daga inda aka harbe mutane. Ni ma abin ya tsaya mini a rai da farko. Sai dai waɗannan yaran da iyayensu su ne ke sayen tikitin shiga, kuma da yawansu da don dabbobin suka zo, sai sun ratsa ta gaban turakun nan kafin su fita.

A kan tsaunukan Alps, farmakin da Sarkin Savoie ya kawo a 1692 ne ya tayar da aiki. Briançon, wanda ke mita 1,326 sama da teku, aka kewaye shi da katanga, daga baya magadan Vauban suka ɗora sansanoni a kan duwatsun da ke leƙen garin, suka haɗa su da gadar Asfeld mai baka ɗaya, wadda ta tsallake kwazazzabon kogin Durance a tsayin fiye da mita 50. Mont-Dauphin kuwa daga fili aka tayar da shi a 1693, a kan wani faffaɗan dutse mai iska. Ba a taɓa yi masa ƙawanya ba, mutane ma ba su zo sun cika shi yadda aka yi fata ba, cocinsa har yau rabi ne. Tun 2021 a wani tsohon barikinsa ake nuna manyan gumakan da Ousmane Sow, masassaƙin nan na Senegal, ya yi kan yaƙin Little Bighorn na Amurka.

A bakin teku lissafin daban ne. A Blaye, mashigin Gironde da ke kaiwa Bordeaux faɗinsa ya kai kilomita 3, igwar zamanin kuma ba ta cin wannan nisa. Sai Vauban ya kafa sansani a wannan gaɓa, wani a waccan, na uku kuma, Fort Pâté, a kan tsibirin yashi da ke tsakiya, aka shimfiɗa masa katakai a ƙasa don kada ya nutse. Jirgin da ya kuɓuce wa ɗaya, zai faɗa bakin ɗaya. A Camaret, kusa da Brest, wata 'yar jar hasumiya ce kawai, ba a ma gama ta ba lokacin da jiragen Ingila da Holan suka zo sauke soja ranar 18 ga Yunin 1694. Vauban da kansa ke riƙe da tsaron yankin, aka kuwa kore su da mummunar asara.

Katangar da aka yi don hana shiga ba ta da wuyar komawa ta hana fita, kuma haka aka yi da da yawansu. Sansanin Saint-Martin-de-Ré, wanda aka fara a 1681, ya zama zangon fursunonin da ake kwasa zuwa aikin bauta a Guyane da Sabuwar Kaledoniya daga 1873 zuwa 1938. Kyaftin Alfred Dreyfus, Bayahuden hafsan da aka yi wa ƙagen cin amanar ƙasa, ya ratsa ta nan a 1895. Har gobe kurkuku ne. A tsaunukan Jura kuma akwai Fort de Joux, wanda Vauban ya ƙara wa ƙarfi ko da yake ba ya cikin 12 ɗin UNESCO. Nan Napoliyon ya jefa Toussaint Louverture, baƙar fatan da ya jagoranci bayin Haiti suka karya sarƙa. Mutumin ƙasar zafi ne aka kulle a ɗakin dutse cikin ƙanƙara, ya rasu ranar 7 ga Afrilun 1803. Ɗakin yana nan ana shiga. Ɗan Afirka da ya je Besançon bai ƙarasa Joux ba, ya yi rabin ziyara.

To, wa ya biya kuɗin duk wannan gini? Talaka. Shi ya biya haraji, shi aka tilasta wa jigilar dutse da keken shanunsa, ɗansa kuma shi ne sojan da ke haƙa gwalalo. Vauban ya san haka fiye da kowane bafade, domin shekara 40 da ɗoriya ya yi yana kewaya ƙasar, yana kwana a ƙauyuka, yana ƙirga gidaje da gonaki da dabbobi. A 1689 ya rubuta wa hukuma cewa gudun hijirar da Kiristoci 'yan Furotesta suka yi bayan dokar 1685 ya raba ƙasar da masu sana'a da matuƙan jirgi da sojoji, a mayar da su. Ba a saurare shi ba. A 1707 ya buga littafinsa na Dîme royale, wato ushirin sarki, ba tare da izinin fada ba. A ciki ya ƙiyasta cewa kusan kashi 1 cikin 10 na jama'ar ƙasar bara suke yi, wasu kashi 5 kuma ba su da abin da za su ba mabaracin. Ya nemi a soke tarkacen harajin da ake tatsar talaka da su, a kafa guda ɗaya wanda ba zai wuce ushiri ba, kowa ya biya gwargwadon samunsa, har masu sarauta da manyan coci da a lokacin aka yafe musu. Gaskiya ɗaci gare ta. A watan Fabrairu majalisar sarki ta ba da umarnin a kwashe littafin, ranar 30 ga Maris 1707 Vauban ya rasu a Faris. Wasu marubutan zamanin sun ce baƙin ciki ne ya kashe shi, masana na yanzu sun fi danganta abin da ciwon ƙirji da ya daɗe yana fama da shi. A 1808 Napoliyon ya sa aka ɗauko zuciyarsa aka ajiye a ginin Invalides da ke Faris. A ganina wannan littafi ya fi kowace katanga da ya gina nuna ko shi wane ne.

Ganuwoyinsa sun yi aiki fiye da shekara 150, har sai da aka ƙero igwa mai cin dogon zango. A yaƙin 1870 Jamusawa suka yi wa Neuf-Brisach ruwan wuta daga nesa har ya sallama. Daga 1874 Janar Séré de Rivières ya jera sababbin sansanoni nesa da birane, su ma ba a jima ba sabuwar nakiya ta tilasta aka lulluɓe su da kankare. Mafi girma daga cikinsu a kewayen birnin Verdun shi ne Douaumont. Jamusawa sun shige shi ranar 25 ga Fabrairun 1916 kusan ba harbi, domin an kwashe yawancin masu tsaronsa, ƙwato shi kuwa sai da aka yi wata takwas ana zubar da jini. Cikin waɗanda suka sake kama shi ranar 24 ga Oktoba akwai sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ke kira 'yan Senegal ko daga wace ƙasa aka ɗebo su, da kuma 'yan Somaliya. A maƙabartar Douaumont akwai kaburburan Musulmi kusan 600 suna fuskantar alƙibla, a 2006 kuma aka buɗe wani gini na tunawa da sojojin Musulmi da suka mutu wa Faransa. Layin Maginot, wanda aka amince da kuɗinsa a 1930, shi ne na ƙarshe: garuruwa ne sukutum a ƙarƙashin ƙasa, da wutar lantarki da asibiti da ɗakin girki. A watan Mayun 1940 Jamus ta zagaye shi ta dajin Ardennes. A Hackenberg, ɗaya daga cikinsu, yau ƙungiyar 'yan sa kai ce ke ɗaukar baƙi a ɗan jirgin ƙasan lantarki na asali cikin ramukan da tsawonsu ya kai kilomita 10, su kuma juya musu hasumiyar igwa su ga tana tashi daga ƙasa.

Kada a ɗauka Faransawa sun tashi da son kayan tarihi ne tun fil'azal. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 birane da dama sun rushe ganuwoyinsu da murna don su sami filin gini da tashar jirgi. Yawancin waɗanda suka tsira, soja ne ya riƙe su har zamanin rusau ya wuce, ko kuma garin ya yi ƙanƙanta ba mai kwaɗayin filinsa. Abin da ya cece su daga baya shi ne an sama musu aiki. A Arras, inda aka harbe 'yan gwagwarmaya 218 a gwalalo lokacin mamayar Jamus, da soja suka tashi sai aka mayar da barikin gidajen zama da ofisoshi. A Mont-Louis, mita 1,600 a kan Pyrénées, sojan kundumbala na atisaye a sansani, jama'a na zaune a gari. Sansanin Lille, wanda Vauban ya fi ji da shi, har yau soja ne a ciki, kuma bai shiga jerin 2008 ba. Shi kansa shiga jerin ba daga sama ya faɗo ba: magadan garin waɗannan wurare ne suka haɗa ƙungiya a 2005, bisa jagorancin Besançon, suka shirya takardu, kowane gari ya ɗauki alkawarin yadda zai kula da nasa.

Faransa ta bar irin waɗannan gine-gine a yankinmu ma, ko da yake da laka da dutsen wurin aka yi su. Bayan ta ci Damagaram a 1899 ta gina sansani a Zindar ta sa masa sunan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a garin a 1898 zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. A Agadas, sansanin Faransa ne Kawsan, jagoran masu yaƙar Faransa, ya yi wa ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917. Kayan mulkin mallaka ne, ba shakka, amma tarihin waɗanda suka yaƙe shi ma a jikinsu yake. Ganuwar Kano kuwa, wadda aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara 500 kafin a haifi Vauban, tana cikin jerin jiran UNESCO tun 2007, kuma tana jiran ne ana yankar badala ana kafa shaguna.

Mai karatu, in Allah Ya kai ka Faris, ka fara da Invalides. A benen ƙarshe akwai ɗakin da aka ajiye ƙananan siffofin biranen nan, waɗanda aka fara yi wa sarki tun 1668 da katako da takarda da siliki, kowane mita 600 na gari ya koma mita 1 a kan tebur, har da itatuwa da shingen gonaki. A da sirrin gwamnati ne, ba mai gani sai da izinin sarki. Daga tashar Gare de Lyon zuwa Besançon tafiyar awa biyu da 'yan kai ce a jirgin ƙasa mai sauri. In da hali ka daidaita tafiyarka da ƙarshen mako na uku na watan Satumba, lokacin ranakun kayan tarihi da Faransa ke yi tun 1984, domin a kwanakin nan biyu ana buɗe wurare da yawa kyauta, har da wasu da ke rufe sauran shekara. Ka tafi da takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi, ko da bazararsu ce.